Meals on Wheels: Abincin da ake kai wa tsofaffi har gida, da ƙwanƙwasa ƙofar da ke ceton rai

Da misalin ƙarfe 11 na safe, a dubban garuruwan Amurka, za ka ga motoci sun yi layi a bayan wani ɗakin girki na unguwa. Galibin direbobin 'yan fansho ne, sai ma'aikatan da suka sadaukar da hutunsu na cin abincin rana, sai ɗalibai. Kowa zai karɓi jaka biyu, ɗaya ta abinci mai zafi, ɗaya ta madara da burodi da 'ya'yan itace, da kuma takarda mai ɗauke da jerin gidajen da zai je.

A gefen sunayen akan samu ɗan bayani: wannan ba ta ji sosai, a buga ƙofa da ƙarfi. Wannan da sanda yake tafiya, a ba shi lokaci kafin ya iso. Wannan mai ciwon suga ce, nata abincin daban yake.

Akwai kuma wata ƙa'ida da mafi yawan shirye-shiryen ke jaddada wa sabon ɗan sa-kai tun ranar farko: ba a ajiye abinci a bakin ƙofa a juya. Sai an ga mai gidan, ko aƙalla an ji muryarsa. Idan an yi ta bugawa shiru, direba zai kira ofis, ofis ya kira wayar tsohon, idan ba a ɗauka ba a kira ɗan uwa ko maƙwabcin da ya bayar da lambarsa. Idan duk hakan ya ci tura, sai a nemi 'yan sanda ko jami'an agajin gaggawa su je su duba.

Ta wannan hanya an sha tarar da tsoho a kwance a banɗaki tun daren jiya, ya faɗi ya kasa tashi, waya kuma tana can a ɗaki.

Sunan tsarin Meals on Wheels, ma'ana abinci a kan taya. Ƙungiyar da ke haɗa kan masu gudanar da shi a Amurka, Meals on Wheels America, ta ce akwai shirye-shirye kusan 5,000 a faɗin ƙasar da ke kula da tsofaffi sama da miliyan 2 a shekara. Sai dai a yanzu tsarin na cikin matsi, kuma ɓangaren da aka fi saurin yankewa idan kuɗi ya gaza shi ne wannan ziyara ta kullum.

Daga yaƙi aka fara

Asalin abin daga Birtaniya ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus sun yi ta ruwan bama-bamai a kan Landan da wasu birane daga watan Satumban 1940 zuwa Mayun 1941. Dubban iyalai suka rasa gidajensu, waɗanda gidajensu suka tsira ma da yawa ba su da inda za su ɗora tukunya.

Wata ƙungiyar mata 'yan sa-kai mai suna WVS, wadda Lady Reading ta kafa a 1938, ita ce ta riƙa dafa abinci tana kai wa waɗanda abin ya shafa da kuma sojoji. Daga nan ne aka fara tunanin tsofaffi da marasa lafiyar da ba za su iya fitowa su bi layi ba. A 1943, a yankin Hertfordshire da ke arewa da Landan, matan suka fara kai abinci gida-gida. Babu isassun motoci, man fetur kuma sai da ƙa'ida, don haka wasu a cikin tsofaffin kekunan tura jarirai suke jera tukwanen, su lulluɓe da ciyawa da tsofaffin huluna don kada abincin ya huce.

Labarin Ostireliya ya fi jan hankali, domin wadda ta kafa tsarin a jihar Ostireliya ta Kudu ita kanta mai naƙasa ce. An haifi Doris Taylor a 1901. Tana yarinya ta faɗi ta samu rauni a ƙashin baya, ta shafe shekaru a asibiti, kuma ba ta sake tafiya da ƙafafunta ba. Daga kan gado da keken guragu, da wayar tarho a hannu, ta riƙa shirya ayyukan agaji da na siyasa a birnin Adelaide.

Abin da ya dame ta shi ne yadda ake kwasar tsofaffi ana kai su asibitoci da gidajen kula da marasa galihu, alhali ciwon da ke damun wasunsu bai wuce rashin cin abinci mai kyau ba. Ta kafa ƙungiyarta a 1953, kuma wani matashin ɗan siyasa, Don Dunstan, wanda daga baya ya zama firimiyan jihar Ostireliya ta Kudu, shi ne shugaban ƙungiyar na farko. A ranar 9 ga Agustan 1954 aka fitar da abinci na farko daga wani ɗakin girki a Port Adelaide, aka kai wa mutum takwas.

A wannan shekarar dai, cikin watan Janairu, wata jami'ar jin daɗin jama'a mai suna Margaret Toy ta fara irinsa a birnin Filadelfiya na Amurka. 'Yan makarantar sakandare ne ke dafawa su rarraba, kuma ana karɓar santi 40 zuwa 80 a rana gwargwadon ƙarfin mutum. Kanada ta biyo baya a 1963.

Me ya sa sai baƙo ne zai kawo?

A ƙasar Hausa, kwanon tuwon da yaro ke kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da magariba ba ya buƙatar ƙungiya ko rajista. Ciyayya ce, kuma yaron da ya dawo ya ce "Iya ba ta amsa sallama ba" ya riga ya isar da saƙo. Abin da waɗannan ƙasashe suka yi shi ne sake gina wannan aike da doka da kasafin kuɗi, saboda yadda zaman gida ya sauya a wurinsu.

Wani nazari da cibiyar bincike ta Pew ta fitar a 2020 ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na Amurkawa masu shekara 60 zuwa sama su kaɗai suke zaune a gida, yayin da a ƙasashe da yankuna 130 da aka duba adadin bai wuce kashi 16 ba. 'Ya'ya sun girma sun bi aiki zuwa wata jiha, miji ko mata ya rasu, unguwar kuma an tsara ta ne ta yadda ko burodi za ka saya sai ka tuƙa mota. Ranar da ido ya raunana aka daina tuƙi, ranar kasuwa ta yi nisa.

Ba kowa ne talauci ke hana shi cin abinci ba. Akwai mai kuɗi a banki amma hannunsa na rawa, ba zai iya ɗaga tukunya ba. Akwai wadda ta fara mantuwa, 'ya'yanta suka cire mata murhun gas don gudun gobara. Akwai wanda matarsa ce ta yi masa girki shekara hamsin, bayan rasuwarta ya koma rayuwa a kan shayi da biskit.

Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa a kowace shekara, kuma faɗuwa ce kan gaba wajen kashe su a cikin duk nau'o'in raunuka. Wanda ya faɗi a gidan da babu kowa, rayuwarsa ta ta'allaƙa ne kan tsawon lokacin da zai ɗauka kafin wani ya leƙo.

Amurkawa sun ga hakan ƙarara a watan Yulin 1995, lokacin da tsananin zafi ya kashe sama da mutum 700 a Shikago cikin kusan mako guda. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, aka same su a ɗakunansu ƙofa a kulle, tagogi a rufe saboda tsoron ɓarayi. A 2023 kuma babban jami'in lafiya na ƙasar a lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗin cewa illar kaɗaici ga tsawon rai ta yi daidai da shan taba har kara 15 a rana.

Wa ke biya, wa ya cancanta?

Ginshiƙin tsarin a Amurka shi ne Dokar Tsofaffin Amurkawa wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu a 1965. A 1972 aka ƙara mata shirin ciyarwa, a 1978 kuma aka ware wa abincin kai wa gida nasa kaso na daban.

Dokar ta shafi masu shekara 60 zuwa sama, kuma ba a tambayar mutum takardar albashi ko ta banki kafin a ba shi. Ana dai fifita waɗanda suka fi buƙata, irin su matalauta, mazauna karkara da waɗanda ba sa jin Turanci sosai. Ana roƙon kowa ya bayar da gudummawar abin da ya sawwaƙa, amma ba a hana wanda bai bayar ba. Kowane kwano dole ne ya ƙunshi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na sinadaran da jiki ke buƙata a rana.

Gwamnatin tarayya na kashe kaɗan sama da dala biliyan 1 a shekara kan ciyar da tsofaffi ƙarƙashin wannan doka, ciki har da abincin da ake ci tare a cibiyoyin unguwa. Kuɗin ba ya kai ko rabin abin da ake kashewa. Sauran na fitowa ne daga jihohi, ƙananan hukumomi, kamfanoni, gidauniyoyi da aljihun jama'a.

Giɓin da kuɗin gwamnati ke bari ne ya haifar da wasu ƙungiyoyin. A 1981, wata marubuciya mai sharhi kan gidajen abinci a New York, Gael Greene, ta karanta a jarida cewa tsofaffin da ake kai wa abinci ba sa samun komai a ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu, wani lokaci kwana uku ko huɗu a jere. Ita da fitaccen masanin girki James Beard suka tara dala 35,000 daga abokan sana'arsu, aka kai wa tsofaffi 6,000 abincin Kirsimeti. Ƙungiyar da suka kafa, Citymeals on Wheels, tana nan har yau, kuma aikinta shi ne cike waɗannan ranaku.

A hankali aikin ya wuce abinci. Shirye-shirye da yawa suna aika masu gyara su kafa wa tsoho ƙarfen dafawa a banɗaki ko su yi masa gangara a bakin ƙofa saboda keken guragu. Wasu na da 'yan sa-kai masu kiran waya don hira kawai, wasu na kai mutum asibiti. Kafin lokacin ƙanƙara ana raba kwalin abincin gwangwani saboda ranakun da hanya za ta toshe. A wasu birane ana dafa na halal saboda Musulmi da na kosha saboda Yahudawa. Akwai ma masu kai abincin kare da kyanwa, bayan da direbobi suka lura cewa wasu tsofaffin na raba kwanonsu biyu da dabbar da ita kaɗai ce abokiyar zamansu.

Masu naƙasa da ba su kai shekara 60 ba su ne suka fi shan wuya a wannan tsari. Dokar ta ba su dama ne kawai a wasu yanayi, misali idan suna zaune gida ɗaya da tsohon da ya cancanta. Mutum mai shekara 45 da ya samu shanyewar ɓarin jiki kuma yake zaune shi kaɗai sai dai ya nemi wata ƙofa: ko inshorar lafiya ta marasa ƙarfi da ake kira Medicaid, wadda a jihohi da dama take biyan kuɗin abincin kai wa gida, ko ƙungiyoyin agaji, ko ya biya da kansa.

Abin mamaki ne, ganin cewa tun 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Olmstead cewa tsare mai naƙasa a gidan kulawa ba tare da dalili ba, alhali zai iya rayuwa cikin jama'a, wariya ce da ta saɓa wa doka. Mata biyu daga jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, su ne suka kai ƙarar. Kotu ta tabbatar da 'yancin zama a gida, amma wanda ba zai iya girki ba, 'yancin nasa na jiran mai kawo masa abinci.

Wasu ƙungiyoyin da ba sa duba shekaru sun samo asali ne daga annobar cutar Sida. A 1985 aka kafa God's Love We Deliver a New York da Project Open Hand a San Francisco don ciyar da masu cutar da suka kasa tashi, a lokacin da mutane ke gudunsu. Yanzu suna dafa abinci na musamman bisa shawarar masana ga masu ciwon daji, ciwon ƙoda, ciwon zuciya da sauransu.

Mai zafi kullum, ko daskararre sau ɗaya a mako?

Nan ne muhawarar take. Kai abinci mai zafi kwana biyar a mako na nufin tafiya biyar, man fetur biyar, da neman ɗan sa-kai sau biyar. Idan aka haɗa kwano biyar ko bakwai daskararru aka kai rana ɗaya, mutum ya sa a firji yana ɗumamawa, kuɗin na raguwa sosai. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke aika kwalin abinci ta hannun masu kai saƙo, inshora ta biya. A takarda, adadin kwanon da aka raba ɗaya ne.

Wata mai bincike a Jami'ar Brown, Kali Thomas, ta gwada ko da gaske ɗaya ne. Ta ɗauki tsofaffi 626 daga jerin masu jira a shirye-shirye takwas, aka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a: wasu ana kai musu abinci kullum, wasu daskararre sau ɗaya a mako, wasu suka ci gaba da jira. Bayan mako 15 aka sake yi musu tambayoyi.

Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna cewa duk waɗanda suka samu abinci sun fi masu jira samun sauƙi, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. Amma waɗanda ake ziyarta kullum su ne suka fi nuna raguwar kaɗaici da fargaba, sun fi jin cewa suna cikin aminci a gidajensu, kuma an samu raguwar faɗuwa a cikinsu. Binciken na gwaji ne, kuma ya dogara da abin da tsofaffin suka faɗa da bakinsu, don haka ba a ɗauke shi a matsayin magana ta ƙarshe ba. Duk da haka ya bai wa masu kare ziyarar kullum hujjar da a da labarai kawai suke da su a kanta.

Kafin wannan, a 2013, ita da abokin aikinta Vincent Mor sun yi lissafin cewa da kowace jiha za ta ƙara yawan tsofaffin da take kai wa abinci da kashi 1 cikin 100, da mutum sama da 1,700 ba su shiga gidajen kula da tsofaffi ba, kuma da Medicaid ta rage kashe sama da dala miliyan 100 a shekara. Meals on Wheels America na yawan maimaita wani kwatance: kuɗin ciyar da tsoho na shekara guda ya yi kusan daidai da na kwana ɗaya a gadon asibiti.

Daskararren ma yana da masu kare shi, kuma suna da gaskiyarsu. A karkarar jihohi irin su Montana ko Texas, inda tsakanin gida da gida tafiya ce mai nisa, babu yadda za a yi abinci ya isa da zafinsa kullum. Mai zuwa wankin ƙoda sau uku a mako ba ya gida da tsakar rana. Wasu kuma sun fi son su ci lokacin da suka ga dama. Matsalar ita ce idan rashin kuɗi ne ya yi zaɓin, ba buƙatar mutum ba, kuma galibi haka abin yake.

Layin jira

Annobar korona ta sa buƙata ta yi tashin gwauron zabi a 2020. An rufe cibiyoyin da tsofaffi ke taruwa su ci abinci, 'yan sa-kai da yawa kuma su kansu tsofaffi ne da aka ce su zauna a gida. Majalisar dokoki ta zuba kuɗin gaggawa, ciki har da dala miliyan 750 a 2021. Kuɗin ya ƙare, amma mutanen da aka yi wa rajista ba su tafi ko'ina ba, ga shi farashin abinci da na mai ya tashi.

Meals on Wheels America ta ce ɗaya cikin uku na shirye-shiryenta na da jerin masu jira, kuma matsakaicin jiran ya kusan wata huɗu. Ga mai shekara 85 da aka sallamo daga asibiti bayan karaya, wata huɗu ba ƙaramin lokaci ba ne. Ma'aikata kan zauna da takardar tambayoyi suna ba kowa maki: zai iya tsayuwa ya dafa? Yana da mai leƙo shi? Ya rame a 'yan watannin nan? Mai maki mafi yawa shi ke shiga idan gurbi ya samu, gurbin kuma sau da yawa yana samuwa ne idan wani ya rasu ko an kai shi gidan kulawa.

Ita kanta dokar wa'adinta ya ƙare a ƙarshen Satumban 2024, duk da cewa an ci gaba da ware mata kuɗi a kasafi. A watan Maris na 2025 kuma ma'aikatar lafiya ta sanar da shirin rushe hukumar ACL, wadda ke kula da shirye-shiryen tsofaffi da masu naƙasa, a rarraba ayyukanta ga wasu sassa.

A Birtaniya, inda aka haifi tsarin, koma-bayan ya fi tsanani. Babu dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi kai abincin, don haka da aka fara tsuke bakin aljihu bayan 2010 yana cikin abubuwan da aka fara zubarwa. Ƙungiyar masu girki a cibiyoyin kulawa ta ƙasar, NACC, ta gano cewa a 2014 kashi 66 cikin 100 na hukumomin na gudanar da shirin. A 2018 ya sauko zuwa 42, a 2023 kuma ya koma 29. A wurare da dama, tsohon da ya kira ofishin hukuma neman taimako, lambar wayar kamfanin sayar da daskararren abinci ake ba shi.

Hertfordshire na cikin wuraren da ba su bari ba. A 2007 aka kafa wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, wadda ake kira HILS, da goyon bayan hukumar yankin, ta karɓi aikin. Tana kai abinci mai zafi kwana 365 a shekara, har da ranar Kirsimeti. Direbobinta ma'aikata ne masu albashi, kuma a cikin aikinsu akwai buɗe wa mutum kwanon idan hannunsa ba zai iya ba, zuba masa ruwan sha, da tuna masa shan magani idan an nemi hakan. Idan ba a buɗe ƙofa ba, ba a rufe maganar ranar sai an gano inda mai gidan yake.